Sanarwar Rasuwar Kawu

A shagon buga takardu da ke tsakanin mai walda da mai sayar da magani, nan Ɗan Sauri yake aiki. Shekararsa ashirin da uku, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Katin biki, jadawalin lokutan sallah, kafin ka gama bayani ya gama haɗawa.

Amma inda ya fi shahara, sanarwar rasuwa. Kyauta yake yin ta. Ya taɓa jin wani malami a waya yana faɗar falalar yawan masu sallatar gawa, tun ranar ya ɗauki abin a matsayin ibada. Duk wanda ya rasu a unguwa, kafin minti goma hotonsa ya zaga wayoyi, da lokacin jana'iza a ƙasa. Niyyarsa ba ta da aibu, Allah ya sani. Hannunsa ne kawai ya fi kansa gudu.

Wata Talata da hantsi kawunsa ya cika a asibiti. Mahaifiyarsa ta kira shi tana kuka. Shi ma kukan ya yi, a gaban kwamfuta, yana share ido yana gyara hoton: ya haska fuskar, ya daidaita hular. Ya tura gurup ɗin dangi, ya ɗora a sitatus.

Bai tsaya ya tambaya ba. 'Yar kawun ta fari, wadda suke ce wa Yaya, aikin jinya take yi a wani gari mai nisa. Manya sun riga sun kira ta sun ce, "Jikin Baba ya ɗan matsa, ki taho," don ta ji labarin a gida, a tsakiyar 'yan uwanta.

Mahaifiyarsa ta sake kira. "Kai ka saka? Yayarka fa tana hanya."

Ya buɗe sitatus ɗin da sauri. Kafin ya goge, ya duba jerin waɗanda suka gani. Sunanta ne na uku. Ya kira ta sau bakwai, ba ta ɗaga ba.

Sai bayan la'asar ta iso. Ya same ta a ɗakin mahaifin nata, zaune a bakin gado, da leda a cinya. Ya durƙusa.

"Yaya, ki yafe mini."

"Na yafe, ƙanena," ta ce, ba ta ɗago ba. "Lemo na saya masa a tasha. Na zauna a mota na buɗe waya in ce na taso. Ban san kowa a motar ba. Wata tsohuwa ce ta riƙe ni awa uku."

Shekara biyu ke nan. Yana nan a shagon, yana haɗa sanarwa, sai dai yanzu yakan tambaya ko akwai wanda ke hanya. Yaya tana gaisawa da shi idan sun haɗu, har su yi dariya. Amma idan ya kira wayarta, ba ta ɗagawa. Mahaifiyarsa take kira, murya na rawa, ta tambaya ko kowa lafiya.