Karatun Zaure a Ajin Lissafi

Ajin kimiyya da aka ba ni a wata makarantar 'yan mata da ke Tudun Wada ya yi kama da kwandon tumatir: ga nunannu, ga ɗanyu shar, duk a wuri ɗaya. Wasu kafin in gama rubuta tambaya a allo sun ɗaga hannu. Wasu kuwa da sun ga alamar ragi a gaban baka, wato lanƙwasasshiyar alamar nan da ake rufe lambobi a cikinta, sai jikinsu ya yi sanyi. Ni kuma manhaja ta ce in koya musu kalkulas, ɓangaren da ke auna saurin canjin abu a daidai wani lokaci.

Ina son wannan darasi, ba na ɓoyewa. Da ɗan acaɓa nake fara shi. Idan ya ɗauko ki daga Gyallesu zuwa ƙofar makaranta, kina iya raba nisa da lokaci ki ce ga gudunsa. Amma ai ba haka ya yi tafiyar ba. Ya taka burki a bakin kwalbati, ya fizga da hanya ta miƙe, ya tsaya gaisawa da abokinsa. Abin da muke nema shi ne gudunsa a daidai lokacin da gabanki ya faɗi kika damƙe ƙarfen baya. A nan kowa ke dariya, kowa ya gane. Da an shiga haruffa da lambobi sai ajin ya rabe.

Akwai wata doguwar yarinya mai zama a layin baya kusa da taga. Ba ta da surutu, ba ta fashin zuwa, rubutunta tsaf, amma lissafi ya yi mata nisa. Ta taɓa gaya mini aikin jinya take so ta karanta, kuma sai ta ajin kimiyya ake kaiwa can. Mataimakin shugaban makaranta kuwa ya riga ya ce a ƙarshen zango duk wadda ba ta bin karatu za a mayar da ita ajin adabi. Mutumin kirki ne, son tsari ne kawai ya yi masa yawa.

"Malama, ba mugunta ba ce," in ji shi. "Kina riƙe masu gudu saboda masu rarrafe."

Na ji haushi, kuma abin da ya ƙara mini haushin shi ne akwai gaskiya a maganarsa.

Wata Asabar da hantsi na je gidanmu gaishe su Inna. Mahaifina malami ne, tun ina ƙarama manyan mutane ke ɗaukar karatu a zaurensa. Muna tsinkar zogale a tsakar gida ina jiyo su kamar yadda na saba. Wani tela yana karanta ƙaramin littafin tsarki da salla. Bayansa wani saurayi ya buɗe babban littafin nahawu, sai kuma tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda tun ina budurwa yake kan littafi guda. Kowa da littafinsa, kowa da inda ya kwana, sauran suna zaune suna saurare. Ɗalibi ya karanto Larabci, Baba ya fassara, har sai ɗalibin ya ce, "Ya isa, Allah gafarta Malam." Wani layi biyu, wani shafi guda. Na girma da wannan sautin a kunnena, amma sai ranar na lura ba Baba ke tsayar da karatun ba.

Da ya shigo cin abinci na tambaye shi dalili.

"Ni littafin na sani," ya ce. "Wanda zai ɗauki kaya shi ya san wuyansa."

Ranar Litinin na sa aka ja kujeru aka yi da'ira. Na jera tambayoyi a allo daga mai sauƙi zuwa mai wuya, na ce wadda layi ya zo kanta ta fito ta ɗora daga inda ta tsaya, tana yi tana faɗa da baki, kuma ita za ta ce ya isa. Makon farko kasuwa aka ci a ajin. Wata mai gilashi, gwanar ajin, ta haye tambayoyin duka tana hura hanci, dole na riƙa zuwa mata da nata na musamman masu baka cikin baka. Tana fama da su a gaban kowa, ita ma aka ga tana gumi, kuma hakan ya yi wa ajin daɗi ƙwarai. Na baya suka riƙa jin karatun gaba tun kafin su kai shi. Na gaba kuma suka gane ashe akwai abin da suka haddace ba su san dalilinsa ba.

Doguwar kuwa tambaya ɗaya take yi. Ta sauko da ƙaramar lambar da ke saman harafi ta ninka, ta rage mata ɗaya, ta ajiye alli. "Ya isa, Malama," a hankali kamar mai roƙon gafara. Ni ba gwanar haƙuri ba ce. Sau nawa na ji kamar in ce ƙara ɗaya mana, sai in cije leɓe in ce madalla. Can tsakiyar zango ta fara yin biyu, ban nuna na lura ba. Na dai koma gida ranar ina jin daɗi, har maigidana ya tambaye ni ko an yi mana ƙarin girma.

Da zango ya zo ƙarshe mataimakin shugaba ya ce zai zauna a ajin ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Ya samu kujera a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Aka yi ta fitowa har layi ya zo kan doguwar. Ta yi ta farko daidai, ta biyu daidai, ta ƙara ta uku, abin da ba ta taɓa yi ba. Tambayar da ke biye irin ta mai gilashi ce, baka cikin baka, wadda ba ta taɓa gwadawa ba sai dai ta ji ana yi. Na ga gara a tashi wasa tun ana dariya.

"To madalla," na ce da sauri, "je ki zauna."

Ba ta ajiye allin ba. Ba ta ma juyo ba.

"Malama, ban ce ya isa ba."

Na koma gefe. Ta fara daga bakan waje, tana faɗa da baki, ta shiga na ciki, sai ta yar da alamar ragi a hanya. Mai gilashi ta fara mutsu-mutsu a kujera, na watsa mata harara ta nutsu. Doguwar ta kai ƙarshe, ta tsaya tana kallon amsar. Sai ta bi layin da yatsa tana komawa baya, ta tarar da wurin, ta goge da gefen hannu ta gyara.

"Yanzu ya isa," ta ce.

Mataimakin shugaba ya miƙe ya yafito ni zuwa baranda.

"Wannan ce mai rarrafen?"

"Kai ka faɗa, Malam, ba ni ba."

Ya yi dariya yana gyara hula. "Har yanzu da sauranta, kin sani."

"Na sani."

"To, a bar miki ita."

Na tsaya a barandar kaɗan har idona ya bushe, don ba na son yara su ga Malamar lissafi a haka. Da na koma ciki na so mu haɗa ido in yi mata albishir ko da kai ne. Ba ta ɗago ba. Tana can kusa da taga, gefen hijabinta fari fat da alli, tana kwafar tambaya ta gaba.