Ƙulli Bakwai a Ƙarƙashin Tablo

Ƙanen matar Alhaji ya yi mini ƙazafin asiri. Ya ce na yi wa ubangidana ƙulli a cikin motarsa don in kwantar da shi, aka karɓe makulli daga hannuna a zaure, a gaban mutane. Abin da aka yi mini ke nan. Na fara da shi ne don ban iya kewaye-kewayen masu sartifika ba. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, aka sallame ni, Faransanci ya ƙi zama a bakina, saboda haka yadda nake magana haka nake rubutu.

Lokacin Nasara na nan, ba a gama gadar kogi ba tukuna. Duk mai kai kaya Dahome sai ya gangaro Gaya ya jira bak, jirgin da ke ƙetarar da motoci zuwa Malanbil. Alhaji gyaɗa yake kaiwa Faraku, ya dawo da goro da gishiri. Motarsa ɗaya ce, tsohuwar motar soja da ta yi saura daga yaƙi, ya saye ta a gwanjo a Yamai. Ni ne shofer mai tuƙa ta, ni ne kuma mai gyara, don na taɓa yin shekaru ina wanke ƙarfe a garejin gwamnati a Doso, ina kallon hannun masu aiki.

Injin motar nan ba shi da laifi. Wayoyinta ne bala'i. Duk wanda ya taɓa gyara ta kafin ni, in waya ta mutu ba ya cire ta, sai ya jawo sabuwa ya ɗora a kai. In ka ɗaga kapo, murfin inji, sai ka ce tarun masuntan Tunuga ne da kada ya yi birgima a ciki. Rigar wayoyin ta zane ce, baƙin mai ya jiƙa ta, ja da kore da rawaya duk sun koma launi ɗaya. Ƙarƙashin tablo kuwa, allon nan na gaban mai tuƙi, ɓera ya taɓa haihuwa a ciki. Wata rana a hanyar Bengu na ji ƙaurin tsumma, na tsaya, na tarar da damin waya guda kwance a kan bututun hayaƙi yana gasuwa. Da na dawo na ce wa Alhaji ya ba ni kwana huɗu kafin a buɗe cinikin gyaɗa, in ba haka ba wata rana da toka za mu dawo.

Ya ce, "Kwana huɗu? Ɗaki za ka gina mata?"

Na ce, "Alhaji, hanjinta zan fitar in mayar."

Ya ba ni. Na tura ta ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, na cire kan batir, na shiga bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, daga inda ta taso zuwa inda ta ƙare. Matattun da na zare sun cika ƙwarya. Masu ran na ɗauke su daga gefen zafi na bi da su ta hagu, can sama, inda ruwan fadama ba ya kaiwa da damina. Ramin da suke bi su shiga wajen tablo bakinsa kamar wuƙa yake, sai na yanka tsohuwar robar cikin taya na naɗe shi. Na ɗaure damin da tsirkiyar fata daga wajen dukawa, kuma ban ja shi ya miƙe ba, na bar masa sassauci, don inji yana rawa, wayar da aka ja tsam ita ke fara tsinkewa.

Saura alama. Bature yana da takarda mai zane, ya duba ya san wace waya ce wace. Ni ba ni da takarda, ko ina da ita ma ba na gane ta, kuma ƙarƙashin tablo ido ba ya shiga, hannu kawai ke shiga. Sai na karɓi zare wajen matata, wadda ke ɗinkin huluna. Kowace waya na ɗaura mata zare a kai da gindi, na yi masa ƙulli yadda yatsa zai karanta ko cikin duhu. Ƙulli ɗaya, daga batir zuwa makulli. Biyu, daga makulli zuwa bobin mai ba inji wuta. Uku dinamo mai cika batir, huɗu oda, haka har bakwai, ita ce ta allurar esans, mai nuna sauran fetur. Zaren shuɗi ya ƙare mini a ta shida, sai na yi ta bakwai da ja. Wallahi dalilin jan ke nan, ba wani.

To, kowa ya san zare ba ya kama waya mai maiƙo sai an jiƙa shi. Da me zan jiƙa, ina kwance a bayana ƙafafu a waje? Da miyau. Kuma ina ƙirgawa a baki don kada in rikice. Ka ga mutum kwance, yana motsa leɓe, yana tofa wa zare, yana ƙullawa. Na sani yanzu yadda abin ya yi kama. A lokacin kaina yana wajen dinamo.

Shi ƙanen matar Alhaji a nan Gaya aka haife shi, amma wata shida da ya yi a Kwatano, can bakin teku, ya sa ya dawo da farar hular Nasara da takardar tuƙi, muka sa masa ɗan Kwatano. Na girme shi da shekara goma sha. Kwana biyu ya yi tsaye a kaina yana shan rake yana zubar mini da ɓawo kusa da kunne.

Ya ce, "Babba, mene ne wannan kake yi? Kitso kake wa mota?"

Na yi masa bayani tun daga ɗaya har bakwai. Har hannunsa na kama na sa a ƙarƙashin tablo, na ce ya taɓa ya gaya mini wace ce. Ya ce huɗu, oda. Na ce ka ci. Ya yi dariya ya ce a Kwatano in aka ga wannan kora za a yi wa mutum. Ina so a riƙe wannan: ya sani. Da yatsansa ya karanta.

Mota ta tashi lafiya, muka yi sawu biyu ko tari ba ta yi ba. Sai ƙafar Alhaji ta kumbura. Aka yi shafe-shafe, aka sha rubutu, ba ta saɓe ba. Ran nan da hantsi aka aiko in zo zaure. Na tarar da Alhaji ya miƙe ƙafa a kan buzu, ga maƙwabta, ga dillalan gyaɗa, ga ɗan Kwatano tsugune da faranti a gabansa. A cikin farantin zarurrukana ne, duka, an yanko su da reza. Jan mai ƙulli bakwai an ware shi gefe kamar kunama.

Alhaji bai dube ni ba. Ya ce, "Wannan aikinka ne?"

Na ce, "Nawa ne. Alamar wayoyi ce."

Ɗan Kwatano ya ce, "Yaya, da idona na gan shi yana tofi. Wannan jan kuwa daidai inda kake miƙe ƙafarka in ka zauna gaba na same shi."

Na ce, "Ina kake so wayar esans ta bi? Ta kan rufi?"

Wani dillali ya ce subhanallahi, wani ya matsa da tabarmarsa. Na ce a tashi a je wajen mota in nuna. Ina zan nuna? Ya riga ya yanke. Wayoyi sun koma baƙaƙe tsirara, ba mai shaida su. Na rantse, na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Alhaji ya ce ba sai an kai nan ba, in ajiye makulli kawai, Allah ya isa tsakaninmu in da wani abu. Shekara biyar ina ɗauke da shi da dukiyarsa a kan hanyar da ko jaki yana tsoro, da wannan ya sallame ni. Aka ƙone zaren a ƙofar gida.

Rashin aikin bai ci mini rai kamar sunan ba. Gaya ba ta da girma. Masu mota uku na je wajensu, kowa ya ce a yi haƙuri. Mai shayin tasha ya ware mini kofi. Mutane suka daina kawo wa matata ɗinki, wai ba a san abin da take ƙullawa a cikin hula ba. Ita da ba ta san ma inda batir yake ba! Na koma liƙin tayar keke a bakin kasuwa, yara da manya suna wucewa suna cewa ga mai ƙulli.

Shi kuwa ɗan Kwatano ya hau mota. Ya sayo shatarto, baƙar robar nan mai danƙo, ya tattara wayoyin duka ya naɗe su dami ɗaya, sumul, miƙaƙƙe kamar sanda. Alhaji, da ƙafarsa ta sace bayan wanzami ya tsaga, har kiran mutane yake a ɗaga kapo su ga aikin Turawa. Sau ɗaya na leƙa a tasha. Kyau kam akwai. Amma ya bi gajeriyar hanya, ta dama, damin yana shafar bututun hayaƙi, ya ja shi tsam, ya kuma cire robar da na sa a bakin rami don wai ƙazanta ce. Na ce wa wani dillali ya gaya wa Alhaji motar nan za ta ci wuta. Ka san abin da ya isa kunnen Alhaji? Wai na yi wa motar baki. Daga nan na kama bakina.

Ba a yi wata ba. Ranar kasuwa, rana tsaka, ina fama da wata taya sai ga ɗan dako a guje, wai Alhaji na kira na a bakin kogi. Na ce ya koma ya ce ina aiki. Ya ce mota ce ta kama da wuta a kan gangaren bak. Na gama liƙin tayar tukuna, sannan na biya gida na ce wa matata ta ba ni zare. Ta ce, "Malam, ba ka daddara ba?" Na ce ta ba ni ja.

Na tarar da motar tsaye a tsakiyar gangare da lodin gyaɗa, ta toshe hanya, ba mai hawa jirgi ba mai sauka. Ƴan dako sun kashe wutar da jiƙaƙƙen buhu da yashi. Motoci sun yi layi a baya, Baturen bak yana ta zage-zage da harshensa, mata masu kifi da fatake duk sun taru. Da aka gan ni sai aka dare, na ji wata tana cewa ai ga mai abin nan ya zo. Ɗan Kwatano yana gefe, hula a hannu, gira ta babbake.

Alhaji ya jawo ni gefe ya rage murya. "Shofer, abin da ya wuce ya wuce. In akwai abin da ka ɗaure, ka kwance, in ba ka makullinka."

Ka ji fa. Har yanzu yana nan a kan bakansa. In na sa hannu mota ta tashi, gobe a ce na kwance asirina ne, sunan ya bi ni har kabari. Na ce, "Alhaji, ba zan taɓa ta ba. A zaure aka ɓata ni da ƙarfi, ba za a wanke ni da raɗa ba."

Na ɗaga murya na ce kowa ya matso. Na sa ƴan dako suka ɗaga kapo. Da tsinke na nuna, ban sa yatsa ba: ga shatarto ya narke ya manne a bututu, ga jan ƙarfen waya tsirara, ga inda bakin rami ya yanka damin. Na ce wa wani tsohon shofer ɗan Dahome da ke cikin layi ya leƙa gidan fizibil, ɗan abin nan da ke tsinkewa don ya tsare mota daga wuta. Ya leƙa, ya zaro takardar azurfa ta kwalin taba an murɗe ta an cusa. Ya ɗaga ta sama, ya yi wata dariya da har Baturen ya bar zagi ya waiwayo.

Na ce waya biyu kawai ake bukata ta tashi a murɗa ta da hannu ta hau jirgi. Na sa ɗan Kwatano ya cire kan batir, ya yanko wayar fitilar baya da wuta ba ta kai gare ta ba, ya ja ta inda na nuna masa, ta hagu, can sama. Da ya gama ɗaurawa na fito da zaren ja na miƙa masa.

Ya ce, "Haba, babba. Ni fa cewa na yi abin ya yi kama da..."

Alhaji ya daka masa tsawa ya ce ya karɓa. Ya karɓa, ya naɗa a wayar, zare ya zame. Ya sake, ya zame. Ya ɗago ya dube ni, don ya san abin da ya rage.

Na ce masa, "Jiƙa shi. Da miyau, ƙane, ba ruwan kogi ba, yadda ka ga na yi. Ka tofa, ka ƙulla, ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji: ɗaya, daga batir zuwa makulli. Ka iya karatun nan, da hannuna na koya maka ranar da kake zuba mini ɓawon rake a kunne. Mota kake so, da ka ce wa yayanka ya ba ka mota, ba sai ka hana matata ɗinkin hula ba. Tofa mana. In ƙafar Alhaji ta kumbura gobe, yau dai Gaya duka ta ga bakin wanda ya yi."