Geron Goggo a Bakin Iyaka

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta da ranar da aka zaunar da mahaifina a kan benci a bakin iyaka, ana kiransa ɗan fasa-ƙwauri ba.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta. Baba yana da ƙanwa, Goggo, da ke aure a Nijar. Gonar da suka gada ba su raba ta ba. Shi yake nomewa, in an yi sussuka a ware geronta a kai mata. A shekarar hatsi ya yi tsada, gwamnati ta hana fitar da shi ƙasashen waje. Da bakina na karanta sanarwar a gidan rediyon da nake aiki, amma na ɗauka magana ce ta masu tirela.

Na zo hutu, na ce zan raka Baba. Muka ɗauki shatar akori-kura. Sai dai a garinmu mota ba ta tafiya Nijar a ɓoye. Kusan kowane gida yana da ɗan'uwa a can, kuma ba a mayar da saƙo. Wannan ya kawo dawa, waccan ta aiko da masara, kowa ya ɗaura ƙyalle a bakin buhunsa don a gane mai shi. Kafin mu tashi, motar ta cika maƙil.

Dab da iyaka jami'an kwastan suka tsayar da mu. Babbansu ya zagaya motar, ya ce, "Kayan wa?"

Baba ya ce, "A hannuna suke, ranka ya daɗe."

"Duka?"

"Duka."

"Ina takardar izinin fitarwa?"

"Izini kuma? Geron gonar ubanta zan kai wa ƙanwata."

"Baba, doka ba ta san ubanta ba. Hatsi ne zai bar ƙasa. Sauko."

Aka zaunar da Baba a kan benci a gaban ofishinsu. Na san abin da ke biyo baya: a kama kaya, a kama mota, mai kaya kuma sai kotu. Ta tagar ofishin na hango wasu mutane zaune a ƙasa da ankwa a hannu. Direba ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Malam, ka kashe ni, motar mutane ce!" Wani ƙaramin jami'i ya dubi furfurar Baba ya ce, "Tsoho, kai ma ka shiga sana'ar?" Baba ya ciro carbi yana ja. Na buɗe baki in yi bayani, muryar nan da nake karanta labarai da ita ta ƙi fita.

Har la'asar muna nan. Sannan babban ya dawo wajen motar, ya ja wani ƙyalle ya ce, "Waɗannan tsummokaran fa?"

Baba ya miƙe da ƙyar, ya bi buhunan yana dafawa. "Shuɗin nan na 'yar limaminmu ne, haihuwa ta yi. Jan nan wata tsohuwa ce ta aika wa ɗanta, fari ya cinye gonarsa. Waɗannan marasa ƙyalle su ne na ƙanwata."

Jami'in ya dube shi. Ya ce, "Ba zan kai ka kotu ba. Amma ko ƙwaya ɗaya ba za ta ƙetare ba. Ku juya."

Muka juya. Washegari Baba ya bi gida-gida yana mayar da saƙonni, kansa a sunkuye. Da damina ta faɗi, Goggo ta kwaso jikokinta ta zo ta ci geronta a gidanmu, tana cewa, "Tunda shi aka hana tafiya, ni na zo masa."

Ranar na gane cewa dokar ciniki tsakanin ƙasashe ba a ofishin minista take tsayawa ba, har cikin rumbunmu take shiga. Yanzu duk sanda irin wannan sanarwa ta zo hannuna, nakan rage sauri, in ƙara da cewa, "Ko da saƙon zumunci ne, a tambaya kafin a ɗora a mota."