Baƙin Saitin da Baba Iddi Ya Yi

Baba Iddi maƙerin farfaru ne. Zobba yake yi, da 'yan kunne, da awarwaro, a wata rumfar kwano bayan ƙaramin masallacinmu na Zongo. Ni turare nake sayarwa a rumfar da ke jikin tasa, saboda haka yawancin abin da zan faɗa daga kan bencina na gan shi.

Daga wajen Konni ya zo Lomé yana saurayi, da zugazugi a cikin buhu. Ya tarar da tsohon Zongo na cikin gari, ya kuma ga lokacin da aka tashe mu aka kawo mu nan gefen Agoè, inda ba komai sai ciyawa da sauro. Ya yi aure, matar ta riga shi gidan gaskiya, 'yarsa Safina ce ke kawo masa abinci. Ba shi da yawan magana. In mace ta kawo ɗan kunne ya karye, sai ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Gobe." Ni nakan ce masa ranar da Mala'ika ya zo ɗaukarsa ma haka zai ce. Shi kuma ya ce ai ni za a fara ɗauka, don ƙamshina ne zai nuna hanya.

Ciyawar nan ce ta jawo masa aikin bindiga. A wancan zamani mutum kan fita bayan gida ya harbo gyazbi, abin da mutanen nan ke kira aguti. Baba Iddi ba ya gyaran bindiga, ba ya taɓa kunama. Abu ɗaya yake yi: saitin gaba, ɗan tsinin ƙarfen nan da ke tsaye a kan bakin bindiga, wanda maharbi ke ɗorawa a kan nama kafin ya harba. Tsinin yakan ɓace wa ido in haske ya yi ƙasa. Baba Iddi ya san yadda zai sa a gan shi, har maharba daga Tsévié da Notsé suka riƙa zuwa.

Amma ba ya ɗaukar zarto sai ya yi tambaya. Me kake harbi? Da wane lokaci? Daga ina zuwa ina? Mai bin gyazbi da yamma a gindin rake, farin ƙashi yake dasa masa. Mai shiga kurmi neman gada, tagulla. Azurfa kuwa ba ya yarda da ita, ya ce in rana ta buge ta sai ta ja ido gefe. Ya taɓa gaya mini cewa ba kyau ake nema wa saiti ba, so ake ya bambanta da abin da ke bayansa. Wani maharbi Ba'ewe, ɗan asalin ƙasar nan, mai suna Kossi yakan yi dariya ya ce, "Kai Bahaushe, tambayarka ta fi ta jandarma." Baba Iddi ya ce, "Jandarma ba ya damuwa ko ka samu."

Gidaje suka cinye ciyawar. Maharba suka ragu, har aka yi shekaru ban ga bindiga a rumfarsa ba.

Rachid ne ya kawo ta ƙarshe. Ɗan marigayi Nu'uman mahauci ne, aminin Baba Iddi. Shi direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa. Yana da ƙane guda, Taufiq, wanda ke bin motar wani direba mai suna Munir. Motar Munir ta kife a hawan Aledjo. Munir ya fita da karayar ƙafa, Taufiq bai fita ba. Aka yi zaman makoki, kowa ya ce ƙaddara.

Daga baya wata magana ta biyo direbobi ta iso Zongo. Wai Taufiq bai mutu nan take ba, ya daɗe yana kira a ƙarƙashin motar. Wai Munir ya samu masu wucewa suka kai shi asibiti, bai gaya musu akwai mutum a ƙasa ba. Ban san gaskiyarta ba. Na dai san Munir ya bar tuƙi, ya koma sa fararen kaya kullum, shi ke share masallaci. Bayan sallar asuba yakan zauna har gari ya fara wayewa, sannan ya kama lungun da ya bi ta ƙofar gidan su Rachid, yana jan ƙafa.

Da hantsi Rachid ya zo, da abu naɗe cikin tabarma. Ya durƙusa ya gaida mu, ya warware. Bindigar ubansa ce, farin ƙashin da Baba Iddi ya dasa mata yana nan, ya ɗan yi rawaya.

"Baba, saitin nan nake so a gyara. Ba na ganinsa."

"Ashe ka fara farauta," in ji Baba Iddi. "Ubanka ya yi fama da kai, ko kaza ba ka iya riƙewa a yanka."

"Mutum yana canzawa, Baba."

"Haka ne. Me kake harbi?"

"Nama."

"Nama iri-iri ne, ɗana. Wane launi?"

Rachid ya kalli titi, wani mai zemijan, babur ɗin haya, yana wucewa. Ya ce, "Fari."

"Fari kamar toka?"

"Fari fat."

Baba Iddi ya shafa ƙashin da babban yatsa. "To shi ya sa ba ka ganinsa, fari a kan fari. Da wane lokaci?"

"Da sassafe. Kafin rana ta fito."

"Daga ina zuwa ina?"

Rachid ya nuna famfon unguwa da haɓa. Nisan bai wuce na ƙofar gida zuwa tsakiyar lungu ba.

"Da gudu yake wucewa?"

"Ba ya gudu."

Na ajiye kwalbar da nake gogewa. Na san dajin ƙasar nan gwargwado, ban san wani farin nama a cikinsa ba sai balbela, ita kuwa ba a ɗaukar mata irin wannan bindiga. Baba Iddi bai ɗaga kai ba. Ya naɗe tabarmar, ya tura ta ƙarƙashin teburinsa, ya ce, "Gobe."

Da Rachid ya tafi na ce, "Iddi, ka ji abin da na ji?"

"Kunnenka ya fi nawa ne?"

"Ka ce masa ba za ka yi ba."

"In na ƙi, wani a tasha zai gaya masa ya kara ta a kan kyandir, hayaƙi ya baƙanta masa saitin. Yanzu dai tana wurina."

"A kai magana gaba mana."

"A ce me? Ɗan maharbi ya kawo bindigar ubansa gyara?"

Da yamma na ga ya tsayar da Munir a bakin masallaci. Ban ji abin da ya ce ba, amsar kawai na ji. Munir ya jingina da tsintsiya ya ce, "Na sani, Baba. Kullum ina ganinsa a bakin ƙofa." Baba Iddi ya ce ya sake hanya, ko ya sake riga. Munir ya ce hanyar gidansa ke nan, ya ci gaba da shara.

Rachid ya dawo, aka ce masa gobe. Ya sake dawowa, aka ce gawayi ya jiƙe. Gaisuwarsa ta riƙa gajarta, durƙuson ya koma ranƙwafawa, ranƙwafawar ta koma ɗaga hannu. Ya bar ɗaukar kaya, motarsa na tsaye a bakin titi tana tara ƙura. Ran nan ya zo bai zauna ba.

"Baba, in ba za ka iya ba, ba ni ita yadda take. Ça suffit, ya ishe ni."

"Wa ya ce ba zan iya ba? Zauna."

A gabansa ya yi. Ya cire ƙashin, ya sassaƙa ɗan tsinin ƙarfe, ya bi fuskarsa da zarto ya yi masa ƙananan zane don kada ya yi ƙyalli. Ya sa shi a wuta, ya tsoma a mai, ya sake, har ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tun da nake ban taɓa ganin ya yi aikin ha'inci ba, ranar ma bai yi ba. Na so a ce ya karkatar da shi ko da kaɗan, amma na ga yadda ya runtse ido ɗaya ya daidaita shi.

Rachid ya miƙa hannu. Baba Iddi ya dafe bindigar.

"Ba a gwada ba. Ba na sakin saiti sai mai shi ya gwada a gabana, a irin hasken da ya faɗa. Ubanka ma sai da ya jira magariba. Ka zo bayan asuba."

Gaskiya ya faɗa. Da can fatar gyazbi yake ratayawa a bango, ko ta gada, maharbi ya auna ya ce ya gani ko bai gani ba. Na kwana ina tunanin wace farar fata zai rataya.

Bayan sallah muka bar Munir a masallaci muka zaga rumfa. Gari ya yi shuɗi-shuɗi, mai koko tana hura wuta can nesa. Rachid na nan tsaye, hannunsa ɗaya a aljihu. Baba Iddi ya shiga rumfa ya daɗe, ya fito sanye da farar rigarsa ta Juma'a. Ya buɗe bindigar, ya nuna mana ba komai a ciki, ya miƙa masa.

"Ba ni da farar fata," ya ce. "Ka auna ni."

"Haba, Baba."

"Aiki ne. Ka ce ba ya gudu, ko?"

Ya juya mana baya ya nufi famfo. A hankali yake tafiya. Da ya yi ɗan nisa sai na ga ya fara jan ƙafar hagu, yana ɗan karkata kafaɗa, daidai yadda duk unguwa ta san wannan tafiya. A wannan haske, daga baya, ni kaina da na san shi tun muna samari sai da na sake dubawa.

Na ji ƙarar rufe bindiga kusa da ni. Idona na kan Baba Iddi, ban ga ko hannun nan ya fita daga aljihu kafin a rufe ta ba. Da na waiga, Rachid ya kafa ta a kafaɗa, kuncinsa a jikin katako. Ina jin numfashinsa.

Baba Iddi ya kai famfo, ya juyo ya fuskance mu, hannayensa a sake.

"Kana gani?"

Rachid ya gyara kuncinsa a jikin katako.

"Rachidu, da kai nake. Kana ganin baƙin a kaina?"

"Ina gani."

"A ina yake?"

Rachid ya runtse ido ɗaya. "A ƙirji."

"To ka duba da kyau. Haka za ka gan shi. In ya faɗi ma, haka zai faɗi, da rigar da komai."

Bakin bindigar ya fara rawa. Ya tsaya, ya sake rawa. Mai koko ta ƙwala wa wata kira. Sannan Rachid ya sauke ta, ya naɗe cikin tabarma ba tare da ya buɗe ta ba, ya ce, "Aiki ya yi kyau, Baba." Ya saɓa ya tafi.

Baba Iddi ya dawo ya zauna a bencina, abin da bai saba ba. Ya ce in ba shi ruwa. Rabinsa a rigar ya zube.

Tun daga ranar ya daina fita daga masallaci da wuri. Yakan jira Munir, su fito tare, dukansu cikin fari, shi a ɓangaren ƙofar gidan su Rachid. Safina ta ce, "Baba, kullum ta zama Juma'a ke nan? Wanki ya ishe ni." Ya ce ta yi haƙuri. Ni ma na fara bin su, ko da yake gwiwata ba ta son sanyin safe. Kullum Rachid na bakin ƙofa, hannu wofi. Yakan gaida Baba Iddi, ya gaida ni. Ƙyauren a ɗan buɗe yake, akwai abu dogo jingine a bayansa. Zai iya zama taɓarya, idona ba kamar da ba.

Haka muka yi ta yi har damina ta shigo, tari ya kama Baba Iddi. Wata safiya ya kasa ƙarasa lungun, sai da muka riƙe shi. Munir ya dube shi ya ce, "Baba, ya isa haka. Ba zan ƙara ɗaukar wani a wuyana ba." Wannan ne kawai abin da na taɓa ji daga bakinsa da ya yi kama da amsar maganar direbobi.

Munir ya haɗa kayansa, ya ce zai koma wurin yayarsa a Sokodé. Muka raka shi tasha. Baba Iddi ya riƙe hannunsa ya ce, "Da Kpalimé ka tafi. Ko ka ƙetara Ghana." Munir ya ce ba shi da kowa a can. Motar ta tashi, muna ganin farar rigarsa ta taga har ta hau babban titi.

Titin nan shi kaɗai ne mai zuwa arewa, kuma ta tsakiyar Sokodé ya ratsa. Duk direba ya san inda ake tsayawa a can a yi sallah a ci abinci.

Baba Iddi yana kwance yanzu, rumfarsa a rufe. Jiya da na je duba shi ya tambaye ni ko motar Rachid na nan bakin titi. Na ce masa na ga an wanke ta, an sa mata sabbin tayoyi, an ce ya samu lodin Niamey, can arewa. Ya kalli rufin ɗaki. Can ya ce in kira masa Safina, ta nemo masa wanda ke da lambar wayar yayar Munir.