Rufin da Ba na Maigidana Ba

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Faɗa nake yi jikata tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini komai, har wurin da abin bai yi mini kyau ba.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, magini ne. Daga Bebeji zuwa Kiru har Tudun Wada, babu inda bai ɗora azara ba. Yana da abokin aiki, wani Bafillace mutumin Burumburum, wanda shanun gidansu suka ƙare tun yana saurayi, ya kama cuɗa ƙasa. Maigidana ne mai karɓo aiki, shi ne mai baki. Shi kuwa Bafillacen ba ya magana sai ta kama.

Ruwan ƙasarmu ba ya wasa, balle in an nausa wajen Doguwa. Soro yakan yi damina biyu lafiya, ta uku sai a fara jera kwanuka a tsakar ɗaki. Wata shekara suna aiki a Ba'awa, na kai musu fura, na tarar suna gardama a kan katanga. Bafillacen yana cewa a daina yin rufi a shimfiɗe. Bayan azara da zana da ƙasar farko, a zuba burji, a yi masa tudu a tsakiya kamar bayan saniya, a shafe da makuba, a sa indararo biyu maimakon ɗaya. Maigidana ya ce azara ba za ta ɗauka ba. Shi ya ce za ta ɗauka in an matse tsakaninta. Da kunnena na ji. Aka yi, soron bai yi yoyo ba. Daga nan mutane suka riƙa neman irin rufin, suna kiransa da sunan maigidana. In an faɗa a gabansa yakan ce, "Dabarar abokina ce." Amma wa ke saurare?

Ana nan, ana nan, kwano ya zo, dekin na siminti ya biyo baya. Maigidana ya rasu. Ina ji ina gani aka riƙa rushe sorayensa ɗaya bayan ɗaya, har na ƙofar gidanmu.

To, jikar nan tawa, 'yar ɗana ce, ta karanta zanen gine-gine, tana aiki a wani ofis a Kano. Ta zo hutun Sallah da kwamfutarta, ta baje a tabarmata. Na leƙa, na ga gida a tsaye babu rufi. Ta taɓa wani wuri, rufi ya hau. Ta sake taɓawa, ya sauka, wani ya hau.

Na ce, "Ke, wannan ai tsafi ne."

Ta ce, "Tsohuwa, ba tsafi ba ne. Kowane irin rufi da dekin akwai sunansa a jere. An riga an faɗa wa na'urar abin da ke ƙasa, abin da ke sama, da kaurin kowanne. Suna kawai zan kira, ya zo ya hau ginin. Amma duba, duk na Turawa ne, babu namu ko ɗaya. Faɗa mini yadda ake yin na kakana marigayi."

Na faɗa mata hawa-hawa, tana tambaya tana dannawa. Har ga shi nan ya fito, da tudunsa da indararonsa biyu.

Ta ce, "Saura suna. Sai an raɗa masa suna za a adana shi. Ai shi ya ƙirƙiro, ko? Sunansa zan sa."

Na sunkuyar da kai na yi shiru.

Ta yi dariya ta ce, "Oh, Kaka! Mutum ya shekara nawa a ƙasa, har yanzu ba za ki iya faɗin sunansa ba? Bari, ni na sani." Ta rubuta.

A nan laifina yake. Mu matan zamanin da ba ma faɗin sunan miji, kowa ya sani, ita ma ta sani. Sai ta ɗauka kunya ce ta rufe mini baki. Ba kunya ba ce. Na san amsar tambayarta, na ɓuya a bayan al'ada na bar ta ta rubuta. So nake sunansa ya zauna a wani wuri da ba a rushewa.

Ta koma Kano. Duk sanda ta bugo waya sai ta ce abokan aikinta sun kwafa, wani ofishin ma ya karɓa, har an zana ajin islamiyya da dekin mai irin wannan tudun. Ni kuwa in ce madalla, in ajiye waya in kasa cin tuwo.

Shekara ta kusa zagayowa, 'yar Bafillacen ta zo mana barkar haihuwa. Muka gaisa, na tambayi jikin tsohon. Ta ce idanu sun tafi, amma yana nan. Ta ce, "Ai labari ya kai masa, wai an sa rufin nan a kwamfuta da sunan marigayi. Ya ce Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne." Ba ta dube ni ba.

Washegari na sa aka kira mini jikata a waya. Na faɗa mata duka, har furar Ba'awa. Ta saurara har na gama. Can ta ce, "Kaka, kin san ni kika sa na yi ƙarya?" Na ce na sani.

Ranar Asabar ta zo, muka hau mota zuwa Burumburum. Muka same shi a gindin ɗorawa, an shimfiɗa masa buzu. Na durƙusa muka gaisa, ya gane muryata. Na ce, "Malam, na zo neman gafara ne." Na faɗa masa yadda aka tambaye ni na yi shiru.

Ya ce, "Haba uwargida, tashi. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Jikata ta buɗe kwamfutar a cinyarta ta ce, "Baffa, yanzu zan goge in sa naka." Ta karanta masa sunansa da na mahaifinsa, ya ce haka ne. Ya ce ta karanto masa abin da aka jera. Da ta zo kan burji ya ɗaga hannu.

"Ya yi kaɗan. Ƙara yatsa biyu a tsakiya. Wa ya faɗa miki haka?"

Ta ce, "Ga ta nan."

Ya ce, "Mai kawo fura ce, ba laifinta ba ne." Aka yi dariya, ni ma na yi, har na fara jin sauƙi.

Sai ya juyo da fuskarsa wajen yarinyar ya ce, "'Yata, an ce abin ya yaɗu har wasu ofisoshi. Su ma yanzu duk sun canza?"

Ta ce, "A'a, Baffa. Wanda ke hannuna ne ya canza, da duk zanen da ke cikin nan. Na ofishinmu zan bi su ɗaya-ɗaya. Amma waɗanda aka kwafa aka kai wasu wurare, da takardun da aka riga aka buga, ban ma san inda suka kai ba."

Ya ce, "To."

Ya shafa buzunsa, ya sake cewa, "To." Ni da na yi zaton abin bai taɓa damunsa ba. Muka zauna har aka kira la'asar, bai ƙara tayar da maganar ba.