Na zargi aminina, ashe da bakina na ba ɓarawo lamba

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni tela ne a unguwar Briqueterie da ke Yaoundé, ina da shago a layin masu ɗinki, kuma duk layin an san ni da rashin yarda. Ko canji aka ba ni sai na ɗaga takardar na duba ta a rana. In aka kira ni a waya aka fara min Faransanci, kashewa nake yi, don a ganina duk mai irin wannan kiran macuci ne. Ni dai na yi karatun allo, amma boko ko ƙofa ban leƙa ba. Lambobi kawai na iya faɗa da Faransanci, kamar kowa a garin nan. Saboda haka duk saƙon da ya shigo wayata, aminina maƙwabcin shagona nake miƙa wa ya karanta min. Bafulatani ne daga Arewa, mai aikin surfani, a cikinmu ya koyi Hausa, har ina yi masa tsiya cewa Hausarsa ba ta gama nuna ba. Shekara da shekaru a kwano ɗaya muke cin abincin rana.

Ana saura kwanaki kaɗan babbar Sallah, shago ya cika da shaddodin mutane, sai ga kira daga lambar da ban sani ba. Na ɗauka da niyyar in kashe, sai na ji sallama cikakkiya da Hausa tsantsa, irin ta dattijon da ya zauna gaban malamai. Ya ambaci sunana, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki. Wallahi nan take jikina ya saki, don mu a Yaoundé duk wanda ya yi maka Hausa ɗan'uwa ne. Ya ce wasu bayin Allah ne za su raba kekunan ɗinki na lantarki ga teloli, an sa sunana, amma kekunan kaɗan ne, kada in faɗa wa kowa a layinmu. Ya ce wata lamba za ta shigo wayata yanzu, in karanto masa don ya tabbatar ni ne. Saƙo ya shigo, rubutu ne da Faransanci da lambobi shida. Na tsallake rubutun na karanto masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, har ya sa min albarka.

Bayan la'asar na ga manhajar hirar da nake tura wa masu kawo ɗinki hotuna ta ƙi buɗewa. Na miƙa wa aminina, ya daɗe yana latse-latse, sannan ya ɗago ya tambaye ni ko wani ya kira ni yau. Na ce babu. Kwaɗayin keke ne ya sa ni ƙarya, don ina tsoron shi ma ya ce a sa sunansa. Ya mayar min da wayar ya ce abin ya fi ƙarfinsa, mu bari gobe mu kai wa mai gyara.

Washegari tun kafin in gama share shago wata Hajiya daga unguwar Nkomkana ta iso a kan babur, tana tambaya ko kuɗin ya ishe ni. Na ce wane kuɗi? Ta nuna min wayarta, ga hotona, ga sunana, wai ni ne na rubuta mata cewa yarona yana asibiti, ta tura min cikon kuɗin ɗinkinta ta wata lamba. Kafin azahar wani mahauci daga unguwar Etoudi ya zo da irin wannan magana, bayansa wasu suka biyo. Innalillahi! Ni da ko sunana ba na iya rubutawa da boko, ga shi wai ina ta aika saƙonni.

Maimakon in tuna da mai kiran jiya, sai zuciyata ta tafi kan maƙwabcina. Ai wannan dattijo mai salati ba zai yi sata ba, haka na ce wa kaina. Wa yake taɓa wayata? Wa ya san masu kawo min ɗinki? Wa ya daɗe jiya yana latse-latse? Da ɗan gari akan ci gari. Na shiga sa masa ido. In ya amsa waya da Fulatanci sai in ce da abokan cin mushensa yake magana. Sabon takalmin da ya saya na Sallah ma sai da na yi masa fassara. Ya kawo kwano na ce na ƙoshi. Kwana uku ina dafa abin a cikina, a na huɗu na fashe a tsakiyar layi, gaban teloli da masu kawo ɗinki, na kira shi maci amana. Ya ajiye allurarsa ya dube ni kawai.

Da yamma malamin masallacinmu ya sa aka kira mu zaurensa. Na zayyana hujjojina ina kumfar baki. Da aka zo kan aminina, sai ya roƙi a ba shi wayar ya duba saƙonnin ranar a gaban malam. Ya nemo saƙon mai lambobi shida, ya karanta da Faransanci, sannan ya fassara da Hausar nan tasa da nake yi wa dariya. Saƙon cewa yake lambar shiga manhajar hirata ce, kada a ba kowa wannan lamba, ko wane ne shi. Malam ya juyo ya tambaye ni ko na ba wani. Jama'a, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na faɗi zancen keke daga farko har ƙarshe, har da ƙaryar da na yi wa aminina.

Aminin nawa dai shi ya raka ni wajen mai gyara aka dawo min da manhajar, aka sa mata lambar sirri, ya kuma taya ni sanar da mutane cewa ba ni ba ne. Masu kawo min ɗinki sun yi min uzuri. Na bi shi har gida na ba shi haƙuri, na kuma sake ba shi a tsakiyar layi inda na ci mutuncinsa. Ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na san da gaske yake. Amma magana zarar bunu ce.

'Yan'uwa masu karatu, duk lambar da ta shigo wayarku taku ce ku kaɗai. Ko da Hausa aka roƙe ku, ko da salati, kada ku karanta wa kowa. Wanda ya ce ku ɓoye wa na kusa da ku wani alheri, ku fara faɗa wa na kusan. In ba ku iya karanta saƙo ba, ku nemi a karanta muku kafin ku buɗe baki. Ni rashin yardata da nake taƙama da ita ba ta tsare ni daga baƙo ba, a kan masoyina ta ƙare.

Har yau shagonmu na jere, muna gaisawa kullum safe. Kwanakin baya saƙo ya shigo, na miƙa masa wayar kamar yadda na saba. Ya yi murmushi, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce in yi haƙuri in nemi wani, shi ya daina taɓa wayar mutane.