Tsallaken da na mayar a Yendi

Lodin doya nake yi a Salaga, kuma tun ina yaro raina bai san zama wuri ɗaya ba. In na kulle ɗaki sai na koma sau uku na taɓa kwaɗon. Wani abokin aikina ne ya koya mini wasan haye katanga da tsallake kwata, wanda ya gani a waya. Ya ce in riƙa sauka a kan yatsun ƙafa, in lanƙwasa gwiwa, kuma in ga inda zan dira kafin in tashi. Wasan ya karɓe ni. Ƙafafuna suka yi ƙarfi, kuma ɗan lokacin da nake sama, surutun da ke kaina yakan yi shiru.

Wata rana za mu kai doya Bawku, muka tsaya sallar azahar a Yendi. Na daɗe wurin alwala, ina ta maimaitawa, har direba ya fara danna hon. Wata gajeriyar katanga ce tsakanina da mota. Na dafa na haye ban leƙa ba. Ina sama na ga jaririya kwance a tabarma ƙarƙashina. Na dira gaba da ita. Uwarta, mai sayar da shinkafa da wake, ba ta gani ba.

Mu dai an raine mu da cewa yaron da aka tsallake ba ya tsawo sai an mayar da tsallaken. Har Bawku ban iya zama daidai a kan doya ba. Malaminmu zai ce camfi ne, na sani. To in ba camfi ba ne fa?

Washegari a hanyar komawa na sauka a Yendi, mota ta tafi ta bar ni. Na nufi wurin mai shinkafa da waken.

"Hajiya, jiya na tsallake 'yarki."

"Ka taka ta?"

"A'a. Na zo in mayar ne."

Ta yi dariya har ta ajiye cokali. "Bawan Allah, ubanta ma ɗan gajere ne, ba kai ka jawo ba."

Duk da haka ta kwance goyo, ta shimfiɗe yarinyar. Na ɗaga ƙafa, sai ta riƙe mini riga.

"Tsaya. Ta wane gefe ka fito jiya?"

Na nuna katanga. Ta zagayo da ni ɗaya gefen da kanta, na taka a hankali na ƙetare yarinyar, na koma gefen katanga.